Ranar Da Na Tuƙa Keke Daga Boɗinga Har Gaban Shagari

Ƙannena 'yan mata, musamman 'yan makarantar nan masu satar karanta mujalla a ƙarƙashin benci lokacin darasin lissafi. Na san ku sarai, don ni ma na yi, kuma na sha bulala a kai.

Wasiƙar da na ɗauko a wannan watan ta wata ƙanwata ce 'yar aji biyar daga jihar Sakkwato, ta roƙe ni don Allah don Annabi in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ta ce kullum sai ta yi tafiyar kusan awa guda a ƙafa kafin ta kai makaranta, ta isa a makare, a tare ta a bakin ƙofa a zane ta, ta shiga aji tana gyangyaɗi. Ga kuma keken yayanta nan rataye a zaure yana cin ƙura tun da ya tafi jami'a. Da ta nemi a ba ta, sai gwaggonta ta dafe ƙirji ta ce duk yarinyar da ta hau keke ta zubar da budurcinta, kuma babu namijin da zai kalle ta da aure. Ta rufe wasiƙar da cewa, "Anti, don Allah gaskiya ne?"

Ƙanwata, zan ba ki amsa, amma sai kin fara jin labarina, domin ni da kike gani na taɓa wuni guda cur a kan keke, kuma wunin nan shi ne ya yanke hukuncin ko zan gama makaranta ko ba zan gama ba.

A Boɗinga na tashi, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a lokacin da yayansa Shehu Usmanu yake zaune a Sifawa, nan kusa da mu, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815. Mahaifinmu aiki ne ya kawo shi garin, asalinsa mutumin wani ƙauye ne can gaba da Shagari. Ina aji huɗu Allah Ya yi masa rasuwa, sai al'amarinmu ya koma hannun ƙaninsa, Baffa, wanda ke zaune a ƙauyen tare da Kakarmu. A 1998 ina aji shida aka ce kowa ya kawo cikon kuɗin jarrabawar fita, wanda bai kawo ba zuwa ranar Litinin an rufe da shi. Innarmu ta sayar da abin da za ta iya sayarwa, kuɗi bai kai ba. Aka aika wa Baffa ta bakin wani mai zuwa cin kasuwa, don a lokacin wayar hannu ba ta yaɗu ba, sai daga 2001 ta fara yaɗuwa a ƙasar nan. Amsar da ta dawo ta tayar mana da hankali. Wai Baffa ya ji labarin akwai wani malamin firamare da ke nemana, to shi bai ga dalilin zuba kuɗi a kan yarinyar da ta riga ta sami miji ba. In kuwa karatun nake so da gaske, in zo da kaina in faɗa masa da bakina, in ba haka ba bayan babbar Sallah za a tsayar da rana.

To ga inda gizo ke saƙar. Watan Maris ne, lokacin wahalar man fetur ta zamanin Janar Sani Abacha, wadda manyanku za su ba ku labari. Motoci na kwana da kwanaki a layin gidan mai, 'yan bumburutu ne kaɗai ke dariya. Motar haya ta yi wuya, in ma an samu kuɗinta ya ninka ya sake ninkawa, mu kuwa abin da ke gidan ko na mutum ɗaya bai kai ba. Yayana ya ce zai goya ni a kariyar kekensa, Inna ta dube shi, siriri kamar sillen kara, ta ce kafin ku kai rabi sai an kwaso ku. Nan fa asirina ya tonu, don ba shiri na buɗe baki na ce ai na iya keke. Shekara biyu ke nan ina koya a tsakar gida da daddare in Inna ta yi barci, tabon da ke gwiwata da na ce mata turmi ne ya buge ni, wallahi keke ne.

Saura keke na biyu. Ranar Juma'a da magariba muka ji sallama a ƙofar gida, Yaya ya fita, sai ga shi ya dawo yana tura wani keke ƙirar Phoenix baƙi wul, sabo fil, ko ledar sirdinsa ba a cire ba. Na Malam ne. Ya ji abin da ake ciki, ya kawo ya jingine, ya ce a gaishe da Inna, ya juya ya koma gida a ƙafa. Ku duba fa, mutumin da in na kasa zuwa shi ne da riba, wata guda a kai masa amarya. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta juyi ina tunanin wane irin mutum ne wannan.

Muna idar da sallar asuba muka fita, tun gari bai gama wayewa ba, don kada 'yan unguwa su gan ni. Na sa wandon makaranta na wasanni a ciki, na ɗaura zane a kai, na sa hijabi. Yaya ya ɗaure jarkar ruwa ɗaya a kariyarsa, ni kuma aka ɗaura min ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino da 'yar tsarabar Kaka. Daga Boɗinga zuwa Shagari kimanin kilomita 30 ne a kan titin da ya miƙe zuwa Tambuwal da Jega. Kai 'yan uwa, awar farkon nan ban taɓa jin daɗi irin nata ba. Iska mai sanyi tana bugun fuskata, hijabina na kaɗawa, titi fayau babu mota saboda rashin mai, sai jakuna da ayarin raƙuma ɗauke da kaya suna tafe suna taunar iska kamar su suka mallaki duniya. Ni da iyakar tuƙina daga bakin rijiya zuwa madafa, yau ga ni ina keta sarari, har na fara rera waƙa a zuci.

Ba mu yi nisa sosai ba gefen zanena ya shige cikin sarƙa. Ji na yi kawai an fizge ni ta baya, sai ga ni tim a ƙasa, keke a kaina. Allah Ya taimake ni babu mota a bayana. Yaya ya juya feda baya ya zaro zanen, ya fito baƙi ƙirin da man sarƙa kuma a yage. Daga nan na naɗe shi zuwa gwiwa tunda akwai wando, na tattare hijabin na cusa gabansa a ƙugu. Duk wadda za ta hau keke ta riƙe wannan, zane mai ja da ƙasa da dogon hijabi sun fi kowane rami haɗari.

Da hantsi ya ɗaga sai ƙasar ta fara nuna mana ainihin halinta. Gonakin gero duk an girbe tun kaka, babu komai sai kututturen kara da jar ƙasa da tsakuwa, nan da can sabara da tumfafiya, sai aduwa da ƙayarta zaƙo-zaƙo. Can nesa ka hango tudu mai shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke shi da wuƙa. Itacen da kaɗai ke da ganye kore shar shi ne gawo, wanda Allah Ya yi shi saɓanin sauran itatuwa, da damina ya kaɗe, da rani ya yi ganye. Duk ƙauyen da muka ratsa kuwa sai yara su biyo mu a guje suna ihu, "Mace bisa keke! Mace bisa keke!" Wani tsoho da ke zaune a gindin dogon yaro har miƙewa ya yi ya dafa sanda ya ce, "Ke ɗiyag ga, lahiya? Ina za ki da keken maza?" Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma ƙafata ba ta daina juya feda ba.

Wata tirela ce ta fara jawo mana asara. Ta taho ta cika titi tana zuba hon, na tsorata na sauka gefe cikin ciyawa, ashe tsidau ne shimfiɗe a wurin. Wanda bai san tsidau ba ya tambayi mai keke, 'yar ƙaya ce ƙarama mai ƙahoni, ko ta yaya ta faɗi sai ɗaya ya kalli sama. Kafin in ankara tayar baya ta kwanta. Yaya ya kifar da keken, ya zare tub, ya ba shi iska da famfo, ya riƙa bi da shi kusa da kumatunsa yana neman inda iska ke fita, don ruwanmu ya fi ƙarfin a zuba a kwano a nemi huji. In ya samu sai ya shafa yawu ya ga kumfa, ya kankare wurin da dutse, ya shafa sulushan, ya jira ya sha iska, sannan ya manna ƙyallen tsohon tub. Huji uku ya samu. Abin da ya koya min a ranar shi ne kafin a mayar da tub sai an bi cikin tayar da yatsa an cire ƙayar, in ba haka ba faci ya zama aikin baban giwa. Ni dai ina tsugune ina kallon sabon keken mutane yana shan faci, gabana na faɗuwa.

Wajen ƙarfe 11 muka shiga Shagari, cinyoyina na rawa, mazaunina kuwa ba a magana. Muka zauna a wata rumfa muka sha fura. Yaya, da yake shi ɗan son tarihi ne, ya shiga ba ni labarin Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Ya ce shi ma yana ɗan shekara shida aka raba shi da gida aka kai shi Yabo don ya yi elemantare, kuma da aikin malanta ya fara. A lokacin yana raye, sai a Disamba 2018 Allah Ya yi masa rasuwa aka binne shi a nan garin nasu. Ni dai a ranar ba tarihi ne a gabana ba, so nake a ce an iso.

A nan muka tafka kuskuren da ya kusa halaka ni. Mai furar ta ce mu bari rana ta yi sanyi, mu tashi bayan la'asar. Ni kuwa na matsa wa Yaya mu tafi, wai kada Baffa ya fita. Muka cika jarka, muka bar kwalta muka kama hanyar ƙauye da tsakar rana, a watan Maris, a ƙasar Sakkwato inda zafin bazara kan haura digiri 40. Hanyar kuwa yashi ce zalla. Ka taka feda taya ta nutse, kan keken ya karkace, ka sauka. Yaya ya rage wa tayoyin iska kaɗan, ya ce in bi gefe inda jakuna suka tattake ƙasa ta yi tauri, wani wurin ya yi amfani, wani wurin dole mu sauka mu tura. Keken da ya ɗauke ni da safe, yanzu ni ke ɗaukarsa. Ƙarangiya ta cika min wando. Iskar da ke busowa kamar daga bakin tanda, ga guguwa tana tashi jefi-jefi tana juya kara da ƙura. Ko tsuntsu babu mai motsi, ba ka jin komai sai numfashinka da ƙarar sarƙa. Can gabanmu na hango ruwa shimfiɗe yana ƙyalli, na ce Yaya ga tafki, ya ce kawalwalniya ce, yi ta tafiya.

Ruwan jarka ya zama kamar na shayi, duk da haka muka shanye shi. Sai kaina ya fara sara, na ji amai na taso min, ƙasa na juyawa, idona na ganin duhu-duhu. Abin da na iya tunawa shi ne na jingina keken a jikin wani gawo na zame na zauna. Yaya ya ruɗe, ya bar ni ya ruga wajen wata rijiya da ya hango shanu a kanta. Sai ga shi da wata Bafulatana, dattijuwa, da ƙwarya cike da ruwa. Ba ta tambaye ni daga ina ba, ta kwance min hijabi, ta jiƙa gefen zanenta ta riƙa shafa min a wuya da fuska da hammata, tana yi min fifita da faifai, tana ba ni ruwa kurɓi-kurɓi, ta hana ni kwankwaɗa. Ta dama min nono da ɗan gishiri. Sai da inuwa ta karkata sosai ta bar mu muka tashi, kuma ta ƙi karɓar ko sisi, dabinon Kaka kawai na samu na tura mata. Daga baya da na yi karatu na gane cewa abin da ya same ni galabaitar zafi ce, kuma in aka bar ta tana kaiwa ga sanƙarewa da mutuwa. Maganin farko shi ne inuwa, sanyaya jiki, da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In mutum ya fara sambatu ko ya suma kuwa, asibiti kai tsaye.

Gab da magariba muka shiga ƙauyen, fururu da ƙura kamar an tono mu. Kaka na ganina ta saki salati, sannan ta dawo da tsokanar da ta saba, wai kishiyarta ta zo ƙwace mata miji a kan dokin ƙarfe. Bayan isha Baffa ya aiko a kira ni. Wallahi ƙannena, tsakanin ɗakin Kaka da turakar Baffa taku ashirin ne, amma ya fi min yashin nan wuya. Ku kun san tarbiyyarmu, yarinya ba ta ɗaga ido gaban baffanta, balle a yi zancen aurenta ta tanka, kuma shirunta shi ake ɗauka amincewa. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Ya ce, "An ka ce kina da magana. To ga ni. Mi kika so, boko ko ɗaki?" Bakina ya yi nauyi, na ji hawaye na zuwa. Sai na ji zafin cinyoyina, na tuna faɗuwar safe da gindin gawon nan, na ce a raina in na yi shiru yanzu duk wannan ya tashi a banza. Da wata 'yar murya kamar ta sauro na ce, "Karatu, Baffa." Ya ce bai ji ba. Na ƙara faɗa da ƙarfi.

Ya yi shiru, sannan ya soma faɗa, wai ɗiya mace a kan keke tun daga Boɗinga, an zubar masa da mutunci a idon duniya. Ashe Kaka na laɓe a bayan zana. Ta shigo ba sallama ta ce masa ita tana 'yar yarinya da ƙafa ta bi jajinsu har Hubbaren Shehu a Sakkwato cikin 'yan taru, kuma tun zamanin Nana Asma'u ɗiyar Shehu mata ke ratsa daji a ƙasa suna zuwa ɗaukar karatu su komo su koyar a ƙauyukansu, babu wanda ya ce sun zubar da mutuncin kowa. Ta ce da su sun sami keke ai da sun hau. Baffa ya rasa ta cewa, sai ya juya kan Yaya ya ce, "Wanga sabon keke na wa na?" Yaya ya sosa ƙeya ya faɗa masa. Baffa ya ce, "Shi mai neman nata? Shi yab ba ta keke ta zo ta ɗaga aurenai?" Sai ya fashe da dariya har da tari, ya ce yaron nan ko dai wawa na, ko kuwa mutumin kirki na ƙwarai. A daren ya aika aka kira wani mahauci, ragon da yake kiwo don layya ya tafi. Washegari tun asuba muka kamo hanya, ranar Litinin kuɗina na hannun makaranta.

To ƙanwata mai wasiƙa, ga amsarki. Budurci kame kai ne, sirdin keke ba ya ƙwace shi. Fatar da gwaggonki take tsoro a kai, likitoci sun tabbatar halittarta ta bambanta daga mace zuwa mace, kuma ba kowace budurwa ce ke ganin jini a daren farko ba ko da ba ta taɓa ganin keke ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani gwaji da zai iya nuna ko mace ta san namiji. Ki kuma gaya wa Baba, cikin ladabi, cewa a jihar Bihar ta ƙasar Indiya, ƙasar finafinan da kuke so, tun 2006 gwamnati ta fara ba 'yan mata kuɗin sayen keke in za su shiga sakandare, kuma masu bincike sun gano shigar 'yan mata makaranta ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari. Kada ki yi gardama da Gwaggo a tsakar gida, ba za ki ci ba. Ki nemi wadda take jin maganarta, kamar yadda ni Kaka ta fitar da ni.

Amma fa kada wata ta karanta wannan ta ɗauki keke ta nufi daji. Zamaninmu abin tsoron rana ce da ƙaya. Yanzu akwai 'yan bindiga, a 2025 ma wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Shagari sun sha hare-hare har mutane suka bar gidajensu. Hanyar da na bi a 1998 ba zan bar 'yata ta bi ta yau ba. Maganata a kan hanyar makaranta ce, cikin gari, da rana, da sanin iyaye, in da hali ku biyu ko uku.

Na san abin da kuke jira, ina labarin mai keke. Da muka mayar masa ya duba faci uku da ƙararrawar da ta karye a faɗuwata, bai ce uffan ba. Shekara huɗu ya jira har na gama kwalejin horon malamai. Yanzu haka da nake rubutun nan yana falo, furfura ta cika masa gemu, yana ƙwala min kira wai tuwonsa zai huce. Kuma har gobe in muka yi 'yar hayaniya kan kuɗin cefane sai ya ce in fara biyansa kuɗin tub da ƙararrawa tukuna.